Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Canza Altanetar Tsohuwar Mota

Da yawa daga cikin motocin da ke jigilar mutane da buhunan gero, wake da albasa tsakanin Dingyaɗi, Boɗinga, Shagari da birnin Sakkwato sun girmi yaran motar da ke bin su. Golf 3 ta fito a 1991, Carina E a 1992, Sharan a 1995. Ita kuwa Peugeot 504, tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga 1975 kuma aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Motoci ne masu juriya, amma tsufa ba ya ƙyale kowa, kuma cikin koke-koken da suka fi yawa a bakin masu su akwai guda ɗaya: "mota ba ta caji."

Da an faɗi haka, hankali kan rabu biyu. Wani ya ce batir ne, a sayo sabo, bayan 'yan kwanaki shi ma ya kwanta. Wani ya ce altaneta ce, a kwance ta a ɗaura wata, alhali bel ne ya saki ko waya ce ta ci tsatsa. Ga mutumin da cefanen gidansa ke fitowa daga lodin yau, wannan asara ce mai ciwo: ga kuɗin kaya, ga kuɗin aiki, ga yinin da mota ta yi a gareji ba ta ɗauki ko fasinja ɗaya ba. Galibin wannan asara ana iya kauce mata da abu guda, wato a auna kafin a kwance.

Mene ne aikin altaneta?

Batir ba ya haifar da wuta, ajiye ta yake yi. Ku ɗauke shi a matsayin randa, altaneta kuma ɗan garuwan da ke cika ta. Duk sanda za a tayar da mota, kik kan ɗebi wuta mai yawa a lokaci guda don ya juya inji. Da inji ya tashi, altaneta ce ke ɗaukar nauyin komai: fitilu, hon, fankar lagireto, rediyo, filogi da famfon mai, sannan ta mayar wa batir abin da aka ɗiba. Idan ɗan garuwa ya daina zuwa, gida zai ci gaba da sha har randa ta ƙafe. Idan kuma randar ce ta tsage, ko sau nawa ya zo ba za ta cika ba. Ta kowace fuska dai ƙishirwa iri ɗaya ce, shi ya sa ido kaɗai ba ya iya raba laifin batir da na altaneta.

Tushen ilimin tsoho ne. A 1831 masanin kimiyya Michael Faraday na Ingila ya gano cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, wutar lantarki kan gudana a cikinta. Motocin zamanin da suna amfani da dainamo ne, wadda ba ta ba da wutar kirki sai inji yana gudu. A 1960 kamfanin Chrysler na Amurka ya fitar da motarsa Valiant da altaneta, kuma cikin shekarun 1970 altaneta ta maye gurbin dainamo a kusan dukkan sababbin motoci, domin tana caji ko da inji yana silo.

Idan mai rewaya ya buɗe ta, abubuwa shida za ku gani. Akwai rota, dunƙulen ƙarfe mai naɗin waya da ke juyawa a tsakiya, wanda kan zama maganaɗisu idan 'yar wuta ta shige shi; bel ne ke juya shi, da saurin da ya ninka na inji sau 2 zuwa 3. Akwai kwayil, naɗin tagulla kashi 3 da ke kewaye da rota, inda ake samar da wutar. Akwai dayod, aƙalla guda 6, masu mayar da wuta mai kai-komo ta zama mai bin hanya ɗaya, domin ita kaɗai batir ke karɓa. Akwai buroshi guda 2 na gawayi, masu gogar zobban tagulla don kai wa rota wuta. Akwai katawut, wanda wasu ke kira ayisi, mai tsare wuta kada ta yi yawa ko ta yi kaɗan. A tsofaffin motoci sosai yana ɗaure ne a waje, jikin mota. A na baya-bayan nan yana cikin altaneta. Sai boris guda 2, na gaba da na baya, waɗanda rota ke juyawa a kansu.

Amfanin sanin waɗannan sunaye shi ne, ba kasafai shidan ke mutuwa tare ba. Galibi ɗaya ne ke gazawa.

Me ke kashe ta a wannan yanki?

Na farko zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin bonet kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Dayod da ayisi ba sa son zafi, man da ke cikin boris yana bushewa, ruwan batir ma yana saurin ƙonewa.

Na biyu ƙura. Altaneta tana da fankarta da ke jawo iska ta cikinta don ta huce, kuma duk abin da ke cikin iskar shi ma yana shiga. Hunturu da hanyoyin burji na ƙauyuka suna cika ta da rairayi mai cin buroshi da zobba. Idan kuma baƙin mai yana ɗiga mata daga saman inji, mai da ƙura kan cakuɗe su zama danƙo, buroshi ya maƙale, ramukan iska su toshe. Duk wanda ya ɗaura sabuwa bai gyara yoyon ba, ita ma ranarta na nan tafe.

Na uku ruwa. Tsallaka kwari da gudu lokacin damina, ko feshin ruwa kai tsaye a kan inji mai zafi a wurin wankin mota, yana sa ruwa ya ratsa boris ya kawo tsatsa.

Na huɗu lodin da ya fi ƙarfinta. Ƙwan babbar fitila na asali wat 55 zuwa 60 yake ci, guda biyu kenan suna jan kusan amfiya 10. Wanda ya sa ƙwai masu wat 100, ya ƙara fitilun sama, ya sa manyan lasifika, ya haɗa fankar lagireto kai tsaye ta yi ta juyi ba hutu, ya ɗora wa altaneta nauyin da ba don shi aka ƙera ta ba. Za ta yi ta aiki da iyakar ƙarfinta har kwayil ya ƙone.

Na biyar mataccen batir. Batirin da ya daina riƙe caji yana ta neman wuta ba ya ƙoshi, altaneta kuma tana ta ba shi ba sassauci. Haka ita ma altanetar da ke ba da wuta fiye da ƙima tana tafasa batir. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: ɗayansu ya lalace aka yi sakaci, sai an sayi biyun.

Alamomin da ya kamata ku lura da su

Jar fitilar nan mai hoton batir da ke gaban direba ita ce mai gargaɗi ta farko. Ƙa'idarta ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu da zarar inji ya tashi. Idan ta ci gaba da ci ko tana ƙyaftawa ana cikin tafiya, caji ya samu matsala. Idan kuwa ba ta kamawa sam ko da an murɗa makulli, wannan ma matsala ce babba. A tsofaffin motoci da yawa, ta cikin wannan ƙaramin ƙwai ne 'yar wutar farko ke bi ta tayar da rota. Ƙwan ya ƙone ko an cire shi, sai altaneta ta ƙi fara caji har sai an taka totur sosai, wata ma ta ƙi gaba ɗaya. An sha kwance lafiyayyar altaneta saboda ɗan ƙwan da bai kai kan yatsa ba.

Sauran alamomin su ne: fitilu su dushe a silo, su haska idan an ba da wuta, hon ya shaƙe, kik ya yi nauyi da safe har sai an tura. Ƙara mai tsini lokacin tayarwa ko lokacin kunna fitilu, bel ne ke sulɓewa. Gurnani ko kuka mai bin saurin inji, galibi boris ne. Warin ƙonanniyar waya, kwayil ne ko dayod. Warin ruɓaɓɓen ƙwai daga batir, da kumburin jikinsa, da yawan ƙonewar ƙwayayen fitila, duk suna nuna wuta ta yi yawa, katawut ya daina tsaro. Motar da ke caji lafiya da rana amma ta wayi gari batir ya sauka, tana iya zama dayod ne ya lalace yana barin wuta ta koma baya cikin dare.

Gwajin da ke raba gardama

Abin da ake buƙata 'yar mitar auna wuta ce, irin wadda masu gyaran waya da masu sola ke riƙewa. Kuɗinta bai kai ko kusa da na batir ba, kuma wanda ya iya karanta lamba zai iya aiki da ita. A juya ta zuwa ma'aunin bolt 20 na wutar batir, a ɗora jar waya a kan mai alamar ƙari, baƙa a kan mai alamar ragi.

Mataki na farko, inji a kashe, mota ta huta. Cikakken batir zai nuna kusan 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Idan ya gaza 12, a kai shi caji tukuna, domin gwajin altaneta da batirin da ya sauka yana iya ruɗar da mutum.

Mataki na biyu, a tayar da inji, a ɗan ɗaga totur. Lafiyayyar altaneta za ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Lokacin bazara, idan inji ya yi zafi, takan tsaya kusa da ta ƙasan, kuma wannan ba laifi ba ne, haka aka tsara katawut don kada batir ya tafasa. Idan lambar ba ta tashi daga 12 da 'yan kai ba, babu caji. Idan ta haura 15, wuta ta yi yawa. A motocin da ke aiki da bolt 24, irin manyan motocin ɗaukar kaya, sai a ninka waɗannan lambobi sau biyu.

Mataki na uku, a kunna manyan fitilu da fanka da duk abin da ke cin wuta, totur a ɗage kaɗan. Idan lambar ta tsaya sama da 13, altaneta tana ɗaukar nauyinta. Idan ta yi ta gangarowa, ta yi rauni ko bel yana sulɓewa.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa. A auna wuta a kan babban notin da ke bayan altaneta, a kwatanta da abin da aka gani a kan batir. Idan a bayan altaneta 14.2 ne amma a kan batir 13, to altaneta ba ta da laifi, wutar a hanya take zubewa: ko babbar waya ta ruɓe, ko babban fiyus ya ƙone, ko kan batir ya yi farin gari, ko wayar at mai haɗa batir da jikin mota da inji ta saki. Bambancin bai kamata ya kai rabin bolt ba.

Kafin duk wannan ma, a duba bel, inji a kashe. A danna shi da babban yatsa a tsakiyar tazara mafi tsawo. Kada ya lotsa fiye da kusan santimita 1. Idan gefensa yana sheƙi, ko ya tsattsage, ko mai ya jiƙa shi, a canza. Altaneta mai amfiya 90 idan tana aiki da iyakar ƙarfinta tana jan ƙarfin doki 2 zuwa 3 daga inji, kuma duk ta kan wannan siririn bel yake bi.

Babu laifi mai mota ya ce wa mai gyara, "Oga, don Allah a ɗora mita mu gani tukuna." Gwani ba ya jin haushin wannan magana.

Al'adar da ya kamata a bari

A tashoshi da gareji da yawa, gwajin da aka saba shi ne a cire kan batir inji yana aiki: in mota ta mutu a ce altaneta ce, in ba ta mutu ba a ce lafiya lau. Wannan dabara gadon zamanin dainamo ce, kuma tana ɓarna. Batir shi ke shanye duk wata wutar da ta yi tsalle. Da an cire shi, cikin ƙiftawar ido wuta na iya ninkawa sau da yawa kafin katawut ya kama ta, ta ƙone dayod, ayisi, rediyo, har da kwamfutar inji a motoci masu injekta irin Golf 3 da Carina E. Ga shi kuma gwajin ba ya faɗin gaskiya: altanetar da ta rasa rabin ƙarfinta za ta iya riƙe inji a silo, amma ba za ta iya riƙe fitilu da dare ba.

Haka nan aron batir a tayar da mota sannan a zare shi a mayar da matacce inji yana aiki, hatsarinsa ɗaya ne. A yi amfani da wayoyin jona batir, ƙari da ƙari, ragi kuma a jikin ƙarfen inji. Juya kan batir ko na daƙiƙa ɗaya ne yana iya ƙone dayod nan take. Idan kuma za a yi wa mota walda, a cire kan batir tukuna.

A gyara ko a canza?

Idan mita ta tabbatar laifin na altaneta ne, tambaya ta gaba ita ce wane ɓangare ne. Buroshi yana cinyewa da tafiya, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. A altanetocin Bosch da ke cikin tsofaffin Volkswagen, buroshi da ayisi a haɗe suke, ƙananan sukurori biyu ne ke riƙe da su a baya. Idan tsawon buroshi ya ragu zuwa kusan milimita 5, lokacinsa ya yi. Boris ma ana canza shi, farantin dayod ma haka. Altanetar da ta zo da mota daga kamfani, ko Denso ce a Toyota, ko Hitachi a Nissan, ko Bosch ko Valeo a motocin Turai, sau da yawa idan aka yi mata gyara mai kyau ta fi wata sabuwa marar asali daɗewa.

Canji yana wajaba idan kwayil ya yi baƙi yana wari, ko zobban rota sun cinye sun yi rami mai zurfi, ko jikinta ya tsage, ko gurbin boris ya buɗe, ko abubuwa biyu uku sun lalace tare har kuɗin gyara ya doshi na wata. Naɗin kwayil na hannu yana yiwuwa, amma ingancinsa ya dogara da kaurin wayar da aka sa da adadin naɗin. Idan aka sa siririyar waya ko wadda ba tagulla zalla ba, za ta yi zafi ta ba da wuta kaɗan.

Idan za ku saya

Hanya uku ce: sabuwa ta kwali, ta Beljiyam wadda aka ciro daga motar da aka yanka a waje, ko wadda aka gyara a nan gida. Kayan da ke shagunan Sakkwato suna biyowa ne ta manyan kasuwanni irin su Ladipo a Legas, Nkwo a Nnewi, Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma a cikinsu akwai nagari akwai jabu. Sabon fenti da kwali mai sheƙi ba shaida ba ne. Araha kuma ba ta ado.

Ku tafi da tsohuwar a hannu, a ajiye su gefe da gefe. A duba kunnuwan da noti ke shiga, su zo daidai. A duba fuli: na bel mai kusurwa ne ko na faffaɗan bel mai layi-layi, kuma layi nawa ne. A duba soket, baki nawa ne kuma wane fasali, domin ko a cikin Toyota akwai mai zagaye akwai mai siffar ƙwai, kuma wayoyinsu ba lallai su zo ɗaya ba. A karanta takardar da ke manne a jikinta: bolt 12 ce ko 24, amfiya nawa. Golf 3, alal misali, ana samunta da mai amfiya 70 da mai 90. Wadda ta ɗan fi taku ƙarfi ba ta cutarwa muddin ta zauna daidai kuma babbar wayar tana da kauri, domin mota abin da take buƙata kaɗai take ja. Wadda ta gaza taku ƙarfi ita ce abin gudu.

Masu motocin dizal, irin tsohuwar Hiace da wasu ƙananan motocin kaya, su lura da kyau: da yawansu suna da famfon iska a bayan altaneta, wanda shi ke sa birki ya yi laushi. Akwai bututun baƙin mai da na iska da ke shiga cikinsa. Idan ba a haɗa su daidai ba, birki zai yi tauri, mai kuma ya tsiyaye. Wannan magana ce ta rayukan fasinjoji.

A juya fuli da hannu: ya juya sumul, ba ƙara, ba girgiɗi. A leƙa ta ramuka a ga launin kwayil, a shinshina. Sannan a yi magana a fili da mai shago gaban shaida, kwana nawa ya bayar na gwaji, a karɓi rasit, a sa wa kayan alama.

Yadda ake ɗaurawa

A ajiye mota a wuri mai lebur, a ja birkin hannu, a zare makulli, a bar inji ya huce. A cire zoben azurfa da agogo, a naɗe hannun riga, a cire rawani ko duk abin da ke reto. Zobe idan ya haɗa wuta da jikin mota yana yin ja cikin daƙiƙoƙi, ya ƙone yatsa.

A fara cire kan batir mai alamar ragi. Dalili shi ne, babbar wayar da ke bayan altaneta kullum da wuta take ko da makulli yana aljihu. Sifana ta taɓa ta ta taɓa ƙarfe, sai tartsatsi da gobara. Idan batir ya sauka, wannan ne lokacin kai shi caji, don kada sabuwar altaneta ta fara rayuwarta da aikin da ya fi ƙarfinta.

A ɗauki hoton wayoyi da hanyar da bel ya bi da wayar hannu. A cire soket da babbar waya. A sassauta notin da ke ɗame bel da dogon notin ƙasa, a tura altaneta wajen inji, bel ya fita. A motoci masu faffaɗan bel, akan danne abin ɗamewa mai sifirin ne da sifana. Sai a zare notuna a fito da ita.

A goge wurin zamanta har ƙarfe ya fito, domin ta jikinta take samun at. A ɗaura sabuwar, notuna a sake tukuna. A hango fuli da fuli daga gefe, su kasance a layi ɗaya. Idan sun karkace, bel zai riƙa cinyewa yana tsinkewa. A sa bel, zai fi kyau sabo, a ɗame shi daidai. Idan za a yi amfani da ƙarfe wajen banƙarowa, a jingina shi a gaban altaneta inda take da kauri, ba a bayanta ba. Ɗamewa fiye da ƙima tana kashe boris ɗin altaneta da na famfon ruwa. Sai a ɗaure notuna, a mayar da wayoyi, a rufe babban noti da robarsa.

A wanke kawunan batir, a mayar da mai alamar ragi a ƙarshe. A murɗa makulli, jar fitila ta kama. A tayar, ta mutu. A sake ɗora mita, a maimaita gwajin nan da fitilu a kunne, mai mota yana kallo, kafin a biya kuɗin aiki. Bayan 'yan kwanaki a sake duba bel, domin sabo yana ɗan miƙewa.

Idan ta tsaya muku a hanya

Jar fitila ta kama tsakanin Shagari da Boɗinga, ko a hanyar Tambuwal, abu na farko a sauka gefen titi a buɗe bonet. Idan bel ne ya tsinke, kuma shi ke juya famfon ruwa kamar yadda yake a tsofaffin motoci da yawa, kada a ci gaba: cikin 'yan mintuna inji zai tafasa, ƙaramin gyara ya koma na gasket ko na inji sukutum. Idan bel yana nan, a kashe rediyo, fanka ta ciki da duk abin da ba dole ba, a nufi gari mafi kusa ba tare da kashe inji ba. Da rana batir mai lafiya zai iya kai ku. Mota mai injekta ta fi mai kafireto saurin shanye shi, saboda famfon mai da kwamfuta. Da dare kuwa fitilu za su cinye shi da wuri, kuma tafiya da dusasshiyar fitila a hanyar da manyan motoci, babura da dabbobi ke bi ganganci ne. Gara a tsaya inda akwai jama'a a kwana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bel na ajiya, sifana mai lamba 10, 12 da 13, da 'yan fiyus ba sa cin wuri a but. Duk lokacin juyen mai, a duba bel, a duba ruwan batir, a goge kawunansa, a hure ƙurar altaneta da iska, a ɗora mita na minti biyu. Direbobin da ke lodi a tasha ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi mita guda su ajiye a ofishin ƙungiya, a rubuta lambobin nan a jikin bango: 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.5 a kunne. Masu rewaya kuma su koya wa yaransu aiki da ita tun ranar da suka fara riƙe sifana, su hana su cire kan batir inji yana aiki. Mai mota zai rage asara, mai gyara zai ƙara suna, fasinja kuma zai isa gida a kan lokaci.